Tambayar Da Na Hana Mahauci Ya Ƙarasa

Gwiwa,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa Kano lafiya, kuma ɗakin da ka kama bai yi maka nisa da wurin aiki ba. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, kowa yana nan yadda ka bar shi, kuma ba don shi na ɗauki biro ba.

Ana gobe za ka tafi, ka zauna a zaure ka karanta mini takardar da lauyar nan ta Kazaure ta rubuta muku kai da Manu, ta sana'ar da za ku haɗa: shi ya bi rugage ya tattaro madara a mota, kai ka tsaya a Kano da tankin sanyi ka miƙa wa kamfanin da zai saya. Kana cikin karatu ka zo shafin da ta kira matakan rage asara, sai ka yi dariya. Ka ce mini, "Baba, ji wannan. In mota ta lalace a hanya, in wuta ta ɗauke, in kamfani ya ce madara ta yi tsami, in ɗayanmu ya kwanta ciwo, in ɗayanmu ya mutu. Kamar muna kiran tsiya da bakinmu. Ni da Manu tare muka yi wasan ƙasa, da wane ido zan miƙa masa wannan ya sa hannu? Zan ce ta cire shafin." Ni kuwa na ce Allah ya yi albarka, na tashi na shige gida. Halina ke nan tun ina saurayi, bakina yana mutuwa a daidai inda ya kamata ya yi aiki. Ka ce ba za ku sa hannu ba sai Manu ya shigo Kano, shi ya sa na ba direba wannan takarda na ce ya danƙa ta a hannunka.

Kada ka cire shafin nan. Wannan ita ce maganar duka, sauran bayani ne. Kuma ba asarar madara ce ta dame ni ba, madara gobe ma za a tatso wata. Manu nake jiye maka, kada ka rasa shi yadda na rasa ubansa.

Ka taso ka tarar ni da Buba, mahaifin Manu, muna gaisawa sama-sama a kasuwa, kowa ya wuce. Ba haka muke ba da. Don shi na raɗa maka Abubakar, kuma har ka fara tafiya ban taɓa kiranka Habu ba, Aboki nake ce maka. Ranar kasuwar Gwiwa a zaurenmu Buba yake sauka, ƙwarya ɗaya muke sa hannu. Da kaka, in na kwashe amfani, shanunsa a gonata suke kwana, su ci kara su bar mini taki. Ina tsokanarsa cewa Bafulatani ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ce a ƙara masa tuwo, shi kuma yana ce mini Bahaushe ba ya iya yin shiru ko a bakin kabari. A kaina dai bai canka daidai ba.

Wata shekara gyaɗa ta yi mini kyau, na sayi karsana da 'yan maruƙa, na ce Buba zai riƙe mini. A kara, wurin cinikin shanu, muka ƙulla maganar, ranar kasuwa, muka kira Malam Tanko mahauci ya zama shaida. Sharuɗɗan su ne waɗanda kowa ya sani: nono na Buba ne, taki nawa, in dabba ta mutu ya kawo mini fata da wutsiya. Har mun ɗaga hannu za a yi addu'a, sai Tanko ya ce, "Tsaya tukuna, Sule. In sun yi kudu da rani, dabba ta kwanta, kai kana nan Gwiwa, Buba ya sa wuƙa ne, ko kuwa ya..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce, "Kai Tanko, mahauci dai ba ya ganin saniya sai ya hango tukunya. Da alheri muka zo, a shafa fatiha." Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina cewa na iya magana. Buba ya yi murmushi yana kallon ƙasa. Yanzu na san yana son jin amsar tambayar nan fiye da kowa a wurin, amma da ya buɗe baki ya nemi izinin yanka dabbar abokinsa tun ba ta shiga garkensa ba, gara masa ya haɗiye harshensa. Ni ya kamata in faɗa, ni mai dabba, sai na mayar da abin wasa.

To ka ji kuskurena na farko. Na ɗauka ambaton ɓarna shi ne kiranta. Duk garin nan haka muke, in ana ƙulla alheri wani ya ce "in kaza ta faru fa?" sai a harare shi, a ce yana da mugun baki. Cutar da ta kama mini sa daga baya ba ta halarci zaman kara ba, ba ta ji abin da Tanko ya faɗa ba, ba ta ji abin da na hana shi faɗa ba, kuma ta zo.

Ko a gida mahaifiyarka ta yi mini magana. Ta ce in raba dabbobin, in kai wasu wurin yayanta a Roni, kada cuta ɗaya ta same su a garke ɗaya. Na ce in na yi haka Buba zai ga kamar ban yarda da shi ba. Ka ji, maganarka ce sak ta zaure, ba ka bar ko wasali ba.

Shekaru suka tafi lafiya, dabbobi suka hayayyafa. A cikinsu akwai wani baƙin sa, Buba yana kiransa Ɓaleri, da shi na yi niyyar haɗa garma. Wani rani suka yi kudu neman ciyawa, lokacin waya ba ta shigo ƙauye ba. Can ciwon huhu ya kama Ɓaleri. Ka sa kanka a wurin Buba. In ya yanka ya sayar da naman, wa zai hana a ce ya ga sa mai ƙiba ya ƙirƙiro masa ciwo? In ya kore shi nesa da garke, a ce ya yar da dabbar amana a daji. In ya jira, sa ya zama mushe. Babu wanda ya taɓa gaya masa wanne ne nasa a ciki. Sai ya aiko mini da saƙo ta bakin wani mai zuwa arewa, ya zauna jira, ya bar Ɓaleri a cikin shanunsa yana ba shi jiƙo. Saƙon bai iso ni ba sai bayan komai ya ƙare.

Da ruwa ya sauka suka dawo. Buba ya yi sallama a zaure, ya ajiye fata a naɗe da wutsiya a kai, ya zauna a bakin tabarma, bai hau tsakiya inda ya saba ba. Na dubi fatar nan, na tuna garmar da na riga na sa maƙeri ya gyara, raina ya ɓaci. Na ce, "Sa kamar wannan ka zuba masa ido ya zama mushe? Buba, da naka ne da ka bari?"

Sai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Sule." Ya tashi, ko furar da aka kawo masa bai taɓa ba.

Kasuwar da ta zagayo na fito da safe na tarar da dabbobina duka a ɗaure a ƙofar gida, har 'yan maruƙan da aka haifa a wannan ranin, kowanne da sabuwar igiya. A kasuwa kuma na ji abin da bai gaya mini ba: cutar ta bi garkensa saboda ya ƙi raba Ɓaleri da su, shanun da ya rasa sun fi nawa nesa ba kusa ba, har da saniyar da ya gada wurin mahaifiyarsa. Na tambaye shi da nasa ne da ya bari, alhali nasa ya bari saboda nawa. Wallahi Habu, har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Daga wannan shekarar ce na koma kiranka Habu kamar kowa, don ɗaya sunan ya yi mini nauyi a baki.

Bayan tafiyarka na hau babur na je Kazaure na nemi lauyar taku, don kada in rubuto maka abin da ban fahimta ba. Yarinya ce mai ladabi, ta ba ni kujera ta tsaya. Na ce, "'Yata, wannan shafi na rage asara, me ake nufi da shi a wurinku?" Ta ce, "Baba, takarda ba ta tare ƙaddara, kuma ba mu ce za ta tare ba. Abin da ake nufi shi ne mutum biyu su zauna tun hankalinsu yana kwance, su kira abubuwan da za su iya lalacewa da sunansu, su amince a kan abin da kowa zai yi don kada su faru, da abin da zai yi in sun faru don kada ɓarnar ta yi girma. Wa za a sanar, kuma da wace gaggawa. Wa ke da ikon yanke shawara in ɗayan ba ya kusa. Wace asara ce ta mutum ɗaya, wacce za a raba, wacce kuma ta fi ƙarfin kowa, kamar ambaliya ko annoba, da ba za a zargi kowa a kanta ba." Ta ƙara da cewa a shari'a, wanda ya ga asara tana tafe, yana da ikon rage ta, ya naɗe hannu, ba zai zo daga baya ya ɗora wa abokin hulɗarsa nauyinta duka ba.

Na ce, "In kuma ba a ba shi ikon ba fa?" Ta ce, "To ai shi ya sa ake rubutawa, Baba." Na yi mata godiya na fito. A hanyar dawowa, wajen duwatsun nan, sai da na sa mai babur ya tsaya na sauka na ɗan zauna.

Yanzu dubi taku sana'ar. Wata rana motar Manu za ta mutu tsakanin Kazaure da Kano, rana tana dukan mazuban madara, wayarka kuma ba ta shiga. Ba fata nake yi ba, mota ce, ƙarfe ne. A lokacin Manu zai tsaya a bakin titi kamar yadda ubansa ya tsaya a kan Ɓaleri. Ya karyar da madarar ga masu fura da ke kusa tun ba ta tsinke ba, ko ya jira ka? In ya karyar, zai ji tsoron ka ce ya yi gaban kansa da dukiyar mutum biyu. In ya jira ta lalace, za ka zo da zafin asara a ƙirji, kuma na san jinin da ke jikinka, bakinka zai furta abin da ba ya komawa. Ka ba shi wuƙar tun yau. A rubuta cewa in kaza ta faru yana da izini, kuma abin da ya yanke a kai ka yarda da shi ko da daga baya ya zama ba shi ne mafi kyau ba. Kai ma ya ba ka irin wannan a kan tankin sanyi ranar da wuta da janareta suka haɗa baki suka ƙi.

Kuskurena na biyu kishiyar na farko ne, kuma ina so ka ji shi don kada ka gudu daga wannan rami ka faɗa wancan. Bayan Buba na zama mai zafin sharaɗi. Na ba wani mutum mai suna Sambo, daga wajen Babura, riƙon dabbobin, na tara shaidu, na ce duk dabbar da ta mutu a hannunsa, ko ta me ta mutu, shi zai biya. Na koma gida ina ganin na yi wayo, na sauke asara duka a kan wani. Sambo yana da iyali, yana bukatar nonon, ya karɓa. Da wata saniya ta fara tari, me kake tsammani ya yi? Ya ɓoye. Ya san in ya faɗa shi ne a ciki, sai ya yi ta fatan za ta warware, har ta shafa wa 'yan'uwanta. Da ya zo mini tun farko, da malamin dabbobi ya yi musu allura. Sambo ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar, ni kuma na rage da turaku babu dabba.

Don haka in kun zauna, kada ka ɗauka rage asara shi ne ka tura ta kan wanda ya fi ka rauni. Mutumin da ka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba zai ɗauka ba, ɓoye maka zai yi. Ku rubuta ta yadda wanda ya kawo mugun labari da wuri zai samu sauƙi, ba hukunci ba. Haka za ku yi da matan rugage masu ba ku madara: wadda ta ce muku saniyarta ba ta da lafiya yau, kada ta yi nadamar faɗa. Takardar kamfani kuma ku kai wa lauyar ta karanta muku ita a tsanake, ku ji a wace ƙofa madara take tashi daga wuyanku ta koma wuyansu, da wanda zai duba in sun ce ta yi tsami. Ta yi mini maganar inshorar mota irin wadda malamai suka yarda da ita, ku saurare ta. Ku kuma sa sunan dattijo ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa, wanda za ku je wurinsa in kun saɓa, tun magana ba ta kai gaban alƙali ba. Ni da Buba da muna da irin wannan, da ko Tanko ne ya zaunar da mu a rumfarsa.

Layin da ya fi ba ka dariya, na mutuwa, shi ma a bar shi. Ku faɗi abin da zai zama rabon iyalin wanda ya riga ɗan'uwansa, da yadda za ku rabu lafiya in ɗayanku ya gaji. Wannan ba rashin tawakkali ba ne. Na tambayi liman, ya ce addini da kansa ya kwaɗaitar a rubuta hulɗa a kafa shaidu, kuma ba a ce sai tsakanin maƙiya ba.

Saura kuskure na uku, shi ne mafi kusa. Ka san Buba ya rasu da daminar bara. Da na ji ciwonsa ya yi tsanani na tafi rugar, tun daga gida ina tsara abin da zan ce. Na same shi a kwance a inuwa, ya rame har ban so in dube shi ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono. Ya tambaye ni gero, na ce ya yi kyau. Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Muka yi maganar ruwa, muka yi maganar tsadar taki. Kalma ɗaya ce ta kai ni, ka yafe mini, amma sai na ce a raina ba a tayar wa majinyaci tsohon miki, bari ya ɗan samu ƙarfi in dawo. Na yi masa sallama. Ban sake ganinsa ba sai a makara.

Ka ga abin da na yi a kara shi na sake yi a bakin shimfiɗarsa, gemuna fari fat. Kullum ina jiran lokacin da magana mai nauyi za ta yi daɗin faɗa, kuma lokacin bai taɓa zuwa ba.

Akwai abin da ba ka sani ba, don kana can kana zirga-zirgar neman ɗaki. Kafin tafiyarka na sayi karsana guda, na ja ta da kaina har rugar, tunda yanzu Manu ne babba a gidan, ƙannensa ke kiwo. Na sa aka kira dattawan rugar. Tanko ya daɗe da rasuwa, sai na yi tambayarsa da bakina na kuma ba da amsa. Na ce, "Ga amana na kawo. In ta kwanta ina nesa, a yanka, kada a jira ni. In cuta ce mai yaɗuwa, a raba ta da garke ko da za ta mutu a daji. Abin da kuka yanke na yarda, kuma na yafe tun yau."

Manu ya karɓi igiyar da hannu biyu, kansa a sunkuye. Ya ce, "Mun karɓa, Baffa, Allah ya sa albarka." Sannan ya ƙara a hankali, "Wanda ya so jin wannan yana can bayan tsamiya."

Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na je bayan tsamiyar na tsaya a kan kabarin, na maimaita maganar tun daga farko. Babu abin da ta gyara.

Manu ɗan ubansa ne. Ko shafin nan ya fi komai kwanta masa a rai, ba zai buɗe baki ya nema ba, in ka ce a cire zai yi murmushi ya dubi ƙasa ya ce to. Kai za ka nema. In ya shigo Kano ka zaunar da shi, ka karanta masa layi-layi, har na mutuwar, kada ka yi dariya, kada ka yi sauri. In kunya ta kama ku, ka ce ni na sa ka. In lauyar ta yi wata tambaya mai ɗaci, ku bar ta ta kai ƙarshenta.

Allah ya kiyaye motarku a kan titi, ya sa madararku ta isa da sanyinta. Ranar da ba ta isa ba kuma, Allah ya sa ku ci tuwon dare a kwano ɗaya. Ya jiƙan Buba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya yafe mini a inda yake. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka kira mahaifiyarka ko ba ka da labari.

Allah ya yi maka albarka, Aboki.

Mahaifinka,
Sule.